Ɗakin Baya A Gidan Mai Gyaɗa

"Wallahi na gaji da ba mutane haƙuri a kanki, Safara'u. Na gaji!"

Gwaggo Baraka ce take faɗa, tana tsaye a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba. Yayar mahaifin Safara'u ce. Tun da Allah ya yi wa mahaifiyar Safara'u rasuwa ta ɗauki kanta uwar gidan, duk da ita a Ƙofar Guga take aure, su kuma suna Ƙofar Marusa.

Safara'u tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta. Ba ta ɗago ba.

"Alhaji Abbas mi ya rasa? Yaro ya ci zaɓe, ya zama kansila, bai taɓa aure ba, iyayenshi mutanen kirki. Ke kuma kin kama wani ɗan kabu-kabu kin riƙe. Ƙannen bayanki duk sun yi ɗiya, ke kina nan kina koyar da ɗiyan wasu a furamare."

"Gwaggo, ban ce Abbas yana da laifi ba."

"To mine ne?"

"Ba shi nake so ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "So! Wanda kike son ai ubanki ya ce ko sunanshi kada a ambata mashi. Soja! Waɗanda suka kulle mashi ƙofa, suka mayar da shi yadda kike ganinshi yanzu. Ke ko kunya ba ki ji?"

Hawaye suka zubo wa Safara'u. Ta bar su, don ta san Gwaggo za ta ɗauka hayaƙi ne.

Daga ɗakin da ke kusa da zaure aka ji an rage muryar rediyo. Ɗakin Malam Lado ne, mahaifinta. A da shugaban makaranta ne, mai murya, wanda in ya yi gyaran murya unguwa ke natsuwa. A zamanin soja ya tashi a taron malamai ya faɗi abin da ke ransa game da mulki. Washegari aka zo da mota aka tafi da shi. Ya shafe watanni a tsare, ya fito da ƙafa mai ciwo da baki mai nauyi. Yanzu ga shi sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, gari ya cika da hotunan 'yan siyasa, amma Malam Lado bai dawo yadda yake ba. Yini yake yi a ɗaki, ƙofa a buɗe, rediyo a kunne.

"Safara'u."

Ta miƙe da sauri ta je ta durƙusa a bakin ƙofa. "Na'am, Baba."

"Kin ji sanarwar da aka yi? Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta buɗe tsofaffin gidaje yau da gobe, kowa ya shiga ya gani kyauta. Har da Gidan Mai Gyaɗa."

Ta ɗago da sauri. A gidan aka tsare shi.

"Gobe da hantsi za ki raka ni."

"Baba, can ɗin?"

"Can ɗin."

Gwaggo ta matso tana salati. "Lado, kanka ɗaya? Mi za ka je nema a gidan da aka wulaƙanta ka?"

Ya ƙara muryar rediyonsa.

* * *

Gidan Mai Gyaɗa yana can gaba da Ƙofar Kaura, cikin itatuwan darbejiya. Wani Kwara, wato Balarabe, mai sayen gyaɗa ne ya sa maginan birni suka gina masa tun zamanin Turawa. Da ya mutu gidan ya koma hannun hukuma, da soja suka zo suka zuba masa waya da buhunan yashi. Shekaru da yawa mutum ko kallon ƙofarsa ba ya yi in zai wuce.

Safara'u ta san ƙofar nan. Duk tsawon tsarewar mahaifinta kullum sai ta zo da kwanon abinci ta tsaya. Wasu sojojin su kore ta, wasu su karɓa su cinye a gabanta. Kofur Sammani ne kawai yake karɓa da hannu biyu, ya kai, ya dawo mata da kwano a wanke, ya ce, "Malam ya ci, ya ce a gaishe ki."

A nan abin ya fara. Bayan an saki Malam Lado, Sammani ya turo magabatansa. Malam ya ce a'a. Sammani ya ɗauka kakin ne matsalar, ya nemi sallama daga aikin soja, ya sayi tsohon babur ya shiga kabu-kabu. Ya sake turowa. Malam ya sake cewa a'a, bai kuma faɗi dalili ba.

Yau ƙofar a wangale take. An kwashe wayar, an share fili, an ɗaura ƙyalle mai rubutun maraba. Mata da yara da 'yan makaranta sai shiga suke, masu rake da masu dafaffiyar gyaɗa sun baje a gefe. Sama ta haɗa hadari ta gabas.

'Yan kabu-kabu sun jeru a gindin darbejiya suna jiran fasinja. Tun kafin tasi ta tsaya Safara'u ta hango Sammani a cikinsu. Ya rame. Yana zaune a kan babur shi kaɗai, sauran suna ta hira.

Da ya gan su ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba."

Malam Lado ya juyar da fuska. Ya dogara sandarsa ya wuce kamar ba da shi ake ba.

Safara'u ta ɗan ja baya. "Kai ma kallo ka zo?"

"A'a. Mutane nake kawowa." Ya dubi ginin ya kawar da ido. "Ni ba zan ƙara shiga gidan ga ba."

"Gwaggo ta matsa mani, Sammani. Ban san iya inda zan kai ba."

"Na ji labari. Har motar Alhaji Abbas na gani a ƙofarku." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ki bi Baba, kada ya hau matakala shi kaɗai. Ƙafar hagu ce ke ba shi wuya."

Wata budurwa mai farin gilashi ce ke zagayawa da mutane. Ta ce sunanta Furera, ɗaliba ce mai koyon zanen gini. Ta tsayar da su a babban soro, ta nuna sama.

"Ku dubi rufin ga. Babu ƙarfe ko ɗaya, babu siminti. Azara ce da ƙasa. Waɗannan bakunan da suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya, su ke riƙe da komai. Ku taɓa bangon ku ji, ko a tsakiyar bazara haka yake da sanyi."

Mutane suka yi ta taɓawa suna mamaki. Wani tsoho ya ce kakansa na cikin waɗanda suka yi kwaɓin ƙasar. Wasu sabbin ango da amarya suka tsaya a gindin zanen bango mai hoto ya ɗauke su, amaryar tana rufe baki tana dariya.

Safara'u ta kalle su ta kawar da kai. Soron cike yake da mutane, amma ba ta da wanda za ta juya ta ce wa, "Dubi can." Mahaifinta yana gefenta kamar baƙo. Wanda take so yana waje kamar mai laifi.

Aka hau bene, aka ga ɗakin da Kwaran yake shan iska, aka sauko. Furera ta ce, "Daga nan sai lambu. Ɗakunan baya rumbunan gyaɗa ne kawai, babu abin gani."

Jama'a suka bi ta. Malam Lado ya saki layi ya nufi wani siririn lungu. Safara'u ta bi shi.

Ɗaki ne ƙarami a ƙarshen lungun, da 'yar taga can sama. An shafe shi da farar ƙasa, har yanzu yana warin sabon shafe. An cire ƙyauren.

Malam Lado ya tsaya a tsakiya ya daɗe. Sannan ya jingina sanda, ya zauna a ƙasa a kusurwar dama, ya miƙe ƙafa.

"Nan ne."

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, mu tahi gida. Don Allah."

"Zauna. A gida na kasa yi maki maganar ga. Na ce ƙila in na zo nan bakina ya buɗe."

Ta zauna.

"Kina ganin na ƙi yaron can ne don ya cuce ni."

"Ban sani ba, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Na tambaye shi ya fi a ƙirga. Na ce ko ya taɓa dukanka, ko ya zage ka, ya hwaɗa mani in haƙura da shi. Sai ya ce shi dai in yi haƙuri. Kai ma ka ƙi magana. Kun bar ni a tsakiya ni kaɗai. Gwaggo na zagina, ƙawayena sun daina zuwa, in na dawo daga makaranta babu mai ce mani sannu. Mi na yi maku?"

Kuka ya ƙwace mata. Ya bar ta har ta sassauta.

"Bai taɓa ɗaga mani hannu ba," in ji shi. "Wasu ne suka yi. Da suka gama da ni suka jeho ni nan, ƙafa ta kumbura, ga zazzaɓi. Sai gudawa ta kama ni."

Ya kafa ido a bango.

"Ban iya tashi. Ko bokiti ban iya kaiwa. A kwance nake yin komai, Safara'u, a cikin tufafina. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ɗari-ɗari. Ƙudaje suka cika ɗakin ga. In sojoji sun leƙo sai su toshe hanci su yi dariya."

"Baba, ya isa..."

"Bai isa ba. Yaron can shi ya shigo da ruwa. Ya tuɓe ni. Ya wanke ni da hannunshi kamar jinjiri, babu inda bai wanke ba. Ya wanke wandona ya shanya, ya ba ni nashi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ina kuka ina kiran innata da ta daɗe a ƙasa, yana riƙe da kaina yana cewa, 'Sannu Baba, sannu Baba.' Abincin da kike kawowa, shi ke ba ni a baki."

Safara'u ta toshe bakinta da mayafi.

"Da ba don Allah ya turo shi ba, da a kusurwar ga za a ɗauki gawata. Na sani. Kullum na yi salla sai na yi mashi addu'a." Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. "Amma ki hwaɗa mani, ɗiyata. Suruki shi ne wanda in ya hango ka yake canza hanya don kunya. Shi ne wanda bai taɓa ganin kanka babu hula ba. Yaya zan zauna a zaure wanda ya ga tsiraicina ya durƙusa yana gaishe ni? Duk ran da na ga fuskarshi, warin ɗakin ga nake ji. Sai in ji ni a kwance cikin ƙazanta."

"Wallahi bai taɓa hwaɗa mani ba. Ko da wasa."

"Na sani. Da ya hwaɗa, da na samu abin da zan ƙi shi da shi."

Ta matso ta kama hannunsa. Ya janye a hankali.

"Baba, ciwo ne. Ba laifinka ba ne. Ni ban ga abin kunya..."

"Ke ba ki gani ba. Ni na gani." Ya share fuska da hannun riga. "Ban tilasta maki Abbas. Amma kada ki ce in dubi yaron can. Ban iyawa."

"To ni in yi yaya? In aure shi in rasa ka? In bar shi don ya yi maka alheri?"

Can nesa ana jin muryar Furera tana bayanin rijiyar lambu, yara suna dariya.

"Tashi ki tahi gida," ya ce, idonsa a ƙasa. "Zan biyo baya."

"Ba zan bar ka a nan ba."

"Safara'u, yanzu ke ma kin sani. Yau ban iya haɗa hanya da ke. Ki tahi."

A lokacin ta lura, tun da ya fara magana bai dube ta ba ko sau ɗaya.

* * *

An fara yayyafi da ta fito. Masu talla suna ta tattara kaya. Sammani ya ga idanunta ya taso.

"Lahiya? Ina Baba?"

"Ya hwaɗa mani."

Ya tsaya cak. "Mi ya hwaɗa maki?"

"Komai."

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Bai kamata ki sani ba. Na yi wa kaina alkawari har in mutu babu mai ji a bakina."

"Shi ya sa ka bar ni ina zarginka? Ka san dare nawa na kwana ina tunanin ko da hannunka a ciwon ƙafarshi?"

"Gara ki zarge ni da ki dube shi da wani ido." Ya goge ruwan da ke fuskarsa. "Ni ban san ubana ba, Safara'u, ina goye ya rasu. Da na ga Baba a kwance, uba na gani. Ban san abin da na yi zai raba ni da ke ba. Amma ko na sani, sai na yi."

"To yanzu fa?"

"Yanzu zan bar garin. In ina yawo a Katsina kullum sai ya gan ni a hanya. Mutumin ga ya sha wuya, bai kamata in zame mashi wata ba."

"Ni fa? Ni ban sha ba?" Ta ɗaga murya har 'yan kabu-kabu suka waiwayo. "Kowa yana tausayin kowa, ni babu mai tausayina! Shi ya ce in tahi, kai ka ce za ka tahi. Wa kuka bar mani?"

"Hau in kai ki gida, ruwa zai sauko."

"Ban hawa."

Ta ja mayafi ta juya. Ya kira sunanta, ba ta waiwaya ba.

A ƙafa ta tafi. Kafin ta shiga Ƙofar Kaura ruwa ya tsuge. Mutane suka ruga rumfuna suna kiranta ta fake, ba ta ko kalle su ba. Indararo suna zuba a kanta a lunguna, takalminta ya cika da laka, ta cire ta riƙe a hannu. Kukan da take yi babu wanda ya ji.

Da ta karyo kwanar gidansu ta ga motoci biyu a ƙofa.

A zaure dattawa uku ne zaune a kan tabarma, ga huhun goro da katan na alewa a gabansu. Ta gane babbansu, Alhaji Shehu, baffan Abbas. Gwaggo Baraka tana tsaye a ƙofar ciki, ta ci ado, bakinta har kunne.

"Af, ga ta nan! Shige ciki maza ki canza kaya. Ni na ce su zo. Lado ba shi da lahiyar yanke magana, ni ce babba, na yanke."

Safara'u ta tsaya ruwa yana ɗiga daga jikinta a kan daɓe. Ta durƙusa.

"Sannunku da zuwa, Baba Alhaji. An zo lahiya? Ya iyali?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Subhanallahi, ruwan ga duk a kanki ya ƙare?"

"Ku gafarce ni, ba tarbiyyar da aka yi mani ke nan ba, in yi magana gaban manya. Amma gara ku ji yau da ku ji bayan an ɗaura. Ban amsa wa Alhaji Abbas ba. Ba kuma zan amsa ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Safara'u! Ni za ki tozarta? To ki zauna! Ki zauna ki tsufa a gidan ga ke da uban naki, ku yi ta kallon bango!"

"In haka Allah ya rubuta, Gwaggo, zan zauna."

Alhaji Shehu ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji babur ya tsaya a ƙofar gida.

Safara'u ta waiwaya. Mahaifinta ne yake saukowa daga baya, a hankali, ya dafa kafaɗar mai tuƙin. An lulluɓa masa rigar ruwa. Mai tuƙin kuwa ya jiƙe sharkaf, ya kafe fuskarsa gaba, ko motsi bai yi ba balle ya juyo.

Sammani ne.

Malam Lado ya shigo yana dogara sanda. Ya dubi goron, ya dubi baƙin, ya dubi yayarsa.

"Alhaji Shehu, sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri, an yi maku gaggawa. Ban aika a kira kowa ba."

"Lado!" in ji Gwaggo. "Wa ya kawo ka? Ba dai wancan..."

"Ƙafa ta ƙi ɗaukata, motoci duk sun watse. Shi kaɗai ya rage a gindin itace cikin ruwa." Ya ja numfashi. "A bayanshi na zauna, Yaya. Ban ga fuskarshi ba."

A waje aka ji Sammani ya taka babur zai tayar.

Safara'u ta dubi mahaifinta.

Malam Lado bai juya ba. Bayansa yana ga ƙofa, hannunsa a kan sanda. Ya yi gyaran murya, irin wadda unguwar ta daɗe ba ta ji ba.

"Kai, yaro."

Ƙarar babur ta mutu.

"Na'am, Baba."

"Kada ka shigo." Ya gyara riƙon sandarsa. "Kada kuma ka tahi."